Gaɓoɓin Agogon Sumaila

Hadiza ce ta sa na ɗauko wannan magana, da na bar ta inda take. Ta dawo daga wani biki a garin Damana fuska a murtuke, na tambaye ta ko tuwon biki ne bai kai gare ta ba, ta ce a'a, wata tsohuwa ce ta nuna ta da baki a tsakiyar mata, ta ce ga ɗiyar mutumin da ya ci kujerar ɗan'uwansa, bai ƙyale shi ba sai da ya haɗa da agogonsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don kaina ba, ni kunnena ya daɗe da sabawa. Abin da ya ƙona ni shi ne yadda Hadiza ta faɗi maganar tana kallon akwatin da agogon yake ciki, kamar ita ma tana son a ba ta amsa. To ku zauna ku ji, ke da ƙannenki, daga bakin wanda aka yi abin da shi.

Sumaila taubashina ne, ɗan Gwaggo Dije ƙanwar babana. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna tsirara nake kiransa bawana, shi kuma yana ce mini ubangidan da ba shi da ko akuya. Ku yaran yanzu kun mai da shara, kyautar nan ta taubasai, abin dariya, amma mu a wurinmu hakki ce. Duk shekara idan watan cika-ciki ya kama, Sumaila zai tsinto tsinken tsintsiya, ya zo ƙofar ɗakina ya ja shi a ƙasa kamar mai shara, ya tsaya ya ce a sallame shi. Muna yara da gyaɗa nake sallamarsa, da muka girma ya koma hula, ko zabo, ko turare, kuma bai taɓa karɓa bai kushe ba. Tare aka sa mu lakwal, makarantar boko, a nan Filinge, tare muka tafi Yamai karatun aikin likita, tare aka dawo da mu gida. Shi ya fi ni kai, wannan ban taɓa musu ba. Da aka buɗe ɗakin fiɗa a asibitinmu, wanda muke ce wa bulok, shi aka tura ya koyo sa marar lafiya barci, ni kuma aka sa ni mataimakinsa. Shi ke zaune wajen kan mutum yana lura da numfashinsa har a gama, ni ina gefe ina miƙa masa abin da ya nema.

A waɗannan shekaru ne ciwon agogo ya kama ma'aikatanmu. Wani sabon lokotoro ne, wato likita, ya kawo shi, yaro ɗan gayu da ya yi karatu a ƙasar waje, ya sauka da wani agogo mai nauyi da yake walƙiya tun daga bakin ƙofar asibiti. Shi ke nan fa. Duk wanda aka aika Yamai ƙaro ilimi, ko Allah ya kira shi Makka, ba a tambayarsa abin da ya koyo, hannunsa ake kallo. Mutane suka koma naɗe hannun riga ko sanyi ake yi. Akwai wani mai ba da magani da ya koyi gaisuwa da hannu biyu don kawai na hagun ya fito fili. Kuma ga doka, ba mai shiga bulok da komai a hannu, sai ka tuɓe, ka wanke har gwiwar hannu. Saboda haka aka aje wata tsohuwar tasa a kan taga kusa da wurin wankin hannu, kowa ya zo ya cire agogonsa ya sa a ciki. Kai, wannan tasa ta ga duniya. Da safe sai ka ga manyan mutane, masu gemu, sun yi mata zobe kamar dillalai a kasuwar dabbobi, wannan ya ɗaga na wancan ya auna nauyinsa a tafin hannu, wancan ya kara na wannan a kunne. Nawa kuwa baƙi ne na roba, mai lambobi, mai ƙara kamar ɗan tsako idan awa ta cika. Sumaila ya ce a riƙa sa shi a gefen tasa, kada ya shafa wa manya talauci.

Sumaila bai shiga gasar da wuri ba, ya bari sai da kowa ya gama nuna nasa. Shekarar da aka sa shi cikin ma'aikatan lafiya masu raka alhazai, kafin ya tashi ya je rugar da shanun gadonsa suke, ya sa aka kora wasu kasuwa, bai gaya wa kowa ba. Da ya dawo ya sa abin da ya sayo a tasa, sai kowa ya miƙo wuya. Agogon ƙasar Suwis ne, sarƙarsa ta ƙarfe fari da ratsin zinariya a tsakiya, gaɓa-gaɓa, fuskarsa shuɗiya. Ba ya cin batir, ba a murɗa shi, motsin hannun mai shi kaɗai ke tafiyar da shi. Idan ka aje shi ka manta, sai ya yi fushi ya tsaya. Ɗan gayun lokotoro da kansa ya ɗauka ya juya, ya mayar a hankali, daga ranar ya daina naɗe hannun riga. A gida kuwa Gwaggo Dije ta kusa cinye shi ɗanye. Ina zaune ta sa ya miƙo hannun, ta duba sama ta duba ƙasa.

"Wanga abu shina haihuwa?" in ji ta.

Ya ce ba ya haihuwa.

"Ana tatsa tai?"

Ya ce ba a tatsa.

"To Allah ya shirye ka, Sumaila. Shanun ubanka ne ka ɗaure a hannu suna maka ƙis-ƙis."

Daga baya ita ce ta fi kowa alfahari da shi. Ko sallar azahar ba ta yi sai ta aika a tambayo ɗanta ko lokaci ya yi, alhali ga ladan a bayan katangarta.

Ina kewar waɗannan shekaru, ba zan ɓoye muku ba. Idan muka tashi aiki da la'asar sai mu haɗu a fada, majalisarmu ta hira, ƙarƙashin bedi, wato dogon yaron da ke bayan asibiti, a ɗora shayi, a baje tabarma. Daga nan kana hango gonakin hatsi har gindin dutse, da shanu suna gangarowa rijiya. Sumaila ke riƙe da hira. Yana da wani salo na zuba shayi, ya ɗaga buta sama sosai yadda agogon zai sha rana, mu kuma mu yi ta roƙonsa ya rufa mana asiri kada ya makantar da mu. Amma a bulok wani mutum ne dabam. Zai ɗora yatsu a wuyan marar lafiya, ya sunkuya har fuskarsa ta kusa taɓa tasa, yana yi masa magana a hankali, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, duk wanda mutum ya zo da shi, har barci ya ɗauke shi. Matan da aka kawo daga ƙauyukan Kurfey da ke kewaye da mu haihuwa ta gagara, da yawa muryarsa ce ƙarshen abin da suka ji kafin wuƙa, ita ce kuma farkon abin da suka ji da suka farka. Ban ga wanda ya iya wannan aiki kamarsa ba, har na aje aiki.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, bayan an gama girbi na fara lura da abu. Kullum tare muke tsayawa a wurin wankin hannu, kafaɗa da kafaɗa. Da can idan zai cire agogon sai ya ɓalle maɓallin ya ɗan murza, don ya kama hannun cif. Wata safiya ya ɗaga hannu zai gyara hula, na ga agogon ya zame ya gangaro har tsakiyar damtse. Na yi masa tsiya, na ce bawana ko Mariyama ta daina ba ka tuwo ne. Mariyama matarsa ke nan. Ya yi dariya ya ce azumin nafila yake yi, abin da irina ba su sani ba. Bayan 'yan makonni agogon ya koma ya zauna daidai, na ce to madalla. Ba a daɗe ba ya sake zamewa, ya sake komawa daidai. Riga tana ɓoye rama, babbar riga ma ta fi, kuma Sumaila ya koma sa ta ko ina. Amma ƙarfe ba ya bin jiki. Ga wani ɗan tari da yake yi a cikin maƙoshi, yana juya baya, yana cewa shayi ne ya sarƙe shi. Da yamma a fada sai in ga gumi a goshinsa alhali mu muna jan mayafi. Ya daina shan shayi a kofin da ke zagayawa, ya zo da nasa daga gida, ya ce shi yanzu Alhaji ne, ba ya haɗa baki da talakawa. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma idona yana kan kofin.

Ranar wata kasuwa na je wurin Malam Garba mai gyaran agogo, wanda ke kafa ɗan teburinsa na gilashi kusa da masu goro, don a sa wa na robana batir. Yana cikin aiki sai ya jawo wani ƙullin takarda ya miƙo mini, ya ce tunda Allah ya kawo ni in kai wa taubashina kayansa, kullum sai ya ce zai dawo ya karɓa, shi kuma yana tsoron su ɓace a hannunsa, don irinsu ko a Yamai ba a samu. Na buɗe. Gaɓoɓin sarƙar agogon ne, waɗanda aka yi ta cirewa ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a tsakiyar kasuwa da su a tafin hannu, jakai na wucewa, ana ture ni, ban san inda nake ba. Na yi shekaru ina ganin masu wannan rama da wannan tari suna shigowa asibiti, ba sai an gaya mini sunan ciwon ba. Babban tari ne, tarin fuka.

Ban je gida ba, gidansa na wuce. Na same shi a zaure shi kaɗai, na zube gaɓoɓin a kan tabarma a gabansa, na ce ya gaya mini tun yaushe. Da ya buɗe baki bai yi mini gardama ba, ai ya san wanda yake magana da shi. Ya ce ya sani tun kafin girbi, yana shan wasu ƙwayoyi da ya samo da kansa, yana kwana a zaure don kada ya shafa wa yara, a bulok kuma yana ninka abin rufe hanci. Abu guda yake roƙo. An sa ranar auren Ramatu, babbar ɗiyarsa, da wani yaro ɗan gidan mutunci da take so yake sonta, bayan sallar layya. Ku kun san garin nan. A wancan lokaci idan aka ce babban tari ya shiga gida, ko ƙwaryar gidan ba a ara, balle a ɗauki ɗiya.

"Ka ba ni zuwa bayan biki, Isuhu," ya ce. "In an kai Ramatu ɗakinta, da ƙafata zan tahi Yamai."

Na ce masa kafin layya akwai watanni, kuma shi ya fi ni sanin abin da ƙwayoyin ɓoye suke yi, su kwantar da ciwon su ƙara masa taurin kai. Na ce gobe ma akwai mace da za a fiɗa, shi zai sunkuya a kan fuskarta, shi zai karɓi jaririn idan bai yi kuka ba. Na ce ko ya je wurin babban lokotoro da kansa kafin Juma'a, ko ni in je. A nan ne ya sa bayan hannu ya watsar da gaɓoɓin, suka tarwatse a zaure.

"Kwashe su ka riƙe, tunda kai ne mai awon jikina."

Na durƙusa na tsince su ɗaya-ɗaya, har wadda ta shige ƙarƙashin buzu, na fita.

A gida innarku Zali ta ji komai, don ban iya ɓoye mata abu. Ba ta goyi bayana ba, kada ku ji wani ya ce muku ta goya. Ta ce in tuna Ramatu a bayanta ta yi wayo, in tuna Gwaggo Dije ce ta yi mini wankan jariri. Ta ce duk garin nan ba wanda zai ce Isuhu ya ceci rai, cewa za a yi mataimaki ya ga kujera. Ta ce in bari mana, watakila Allah ya sa ya je da kansa. Na ce idan ya mutu kafin layya fa, wa zai ba da auren? Ta ci gaba da tankaɗe, ta ce ita dai ta faɗi nata. Kwanakin nan ban ci abin kirki ba. Kullum da safe ina tsaye kusa da shi muna wanke hannu, ba mai ce wa wani uffan, agogonsa da nawa suna cikin tasa ɗaya. Ina ta sa rai zan ga ya nufi ofishin babban lokotoro. Juma'a ta zo, aka sauko daga masallaci, bai je ba. Washegari da hantsi na je.

Babban lokotoro dattijo ne mai sanin ya kamata. Ya kira Sumaila suka keɓe su biyu, aka duba majinarsa, aka ga abin da ake tsoro, kuma ya yi nisa fiye da yadda shi kansa yake zato. Aka sa shi a motar asibiti zuwa Yamai. Aka duba mutanen gidansa da mu da muke aiki tare, aka samu ƙaramin ɗansa ya ɗauka, aka sa shi magani da wuri, shi ne Bashiru da kuke gani yanzu da tumbinsa. Lokotoro bai faɗa wa kowa ba, ni ma ban faɗa ba, amma motar asibiti a ƙofar gida ba ta ɓoyuwa a Filinge. Kafin mako ya zagayo dangin yaron suka aiko cewa a ɗan dakata da maganar biki. Dakatawar ke nan har yau. Ramatu ta yi kuka har ta kwanta. Ni kuwa, tunda ba wani wanda ya san aikin, aka tura ni koyo na 'yan watanni, aka zaunar da ni a kujerar Sumaila. Duk abin da Zali ta faɗa sai da ya faru, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Na je gaida Gwaggo Dije, ta amsa sallamata, ta juya fuska ga bango.

"Ɗan wana," ta ce, "da ka bari an kai yarinyar."

Har yau ina jin muryarta a kunnena, kuma har yau da za a maido ni wannan Asabar, ofishin zan nufa.

Sumaila ya warke. Ya sha magani wata da watanni, ya dawo, amma ya ce ba zai ƙara taka asibitinmu ba, ya nemi a mai da shi Damana, aka mai da shi. Ya kwashe iyalinsa da Gwaggo suka koma can. Muka shiga shekarun da ba na son tunawa. Mu haɗu a jana'iza ko suna, ya miƙo mini yatsu, ya ce lafiya, ya wuce. Fadar bayan asibiti ta watse, don ba mai riƙe hira. Tasa tana nan, ana ta zuba sababbin agogo, har masu magana da masu auna bugun zuciya, amma ni na daina kallonta. Labarinsa kuwa yana zuwa mini ta bakin direbobin motocin kasuwa. Suka ce jiki ya dawo, har ya fi da. Suka ce a Damana ana kiransa mai agogon aljihu, wai yana da wani agogo na alfarma amma ba ya ɗaurawa, a aljihu yake sa shi, in zai duba jijiyar marar lafiya ya ciro ya girgiza shi ya riƙe a tafin hannu. Su suna ba da labarin suna dariya, sun ɗauka sabon salo ne. Ni kaɗai na san dalili. Sarƙar an rage ta daidai hannun mai ciwo, yanzu ba ta rufuwa a hannun mai lafiya, abin da zai cike ta kuma yana wurina a cikin kwalbar magani. Na taɓa ba Zali ta kai wa Mariyama. Kwalbar ta dawo ko buɗe ta ba a yi ba, da saƙon cewa ba shi da ajiya a gidana. Na ce oho, shi ya sani, na jefa ta a akwati. Amma duk shekara in watan cika-ciki ya kama sai in sayi hula in aje, in zauna a ƙofar gida har rana ta faɗi. Zali ta daina tambayata wa nake jira.

Ramatu ta yi aure daga baya, da wani malamin lakwal mai haƙuri, shi ne baban su Nafisa, 'ya'yanta da kuka sani. Ba a gayyace ni ba, na aika da abin da ya sawwaƙa. Gwaggo Dije ta rasu, na je, na shiga kabari na karɓe ta tare da Sumaila, hannunsa yana taɓa nawa, bai dube ni ba. Na fid da rai daga ranar.

Shekarar da ta biyo bayan rasuwarta, ranar cika-ciki da hantsi, ina zaune a ƙofar gida ina gyaran rediyo, sai ga motar Damana ta tsaya a bakin hanya. Wani mai ƙiba ya sauko, furfura ta cinye masa gemu. Ya tsaya wajen mai ƙosai, ya sunkuya, ya zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyarta. Na ga yana tahowa, na aje rediyon. Bai yi sallama ba. Ya zo gabana ya ja tsinken a ƙasa, sau ɗaya, ya miƙe yana haki.

"Ubangidan da ba shi da ko akuya," ya ce, "a sallame ni."

Na tashi na shiga ɗaki. Hulunan suna nan jere a akwati, ban taɓa ko ɗaya ba, kwalbar na ɗauko. Na fito na sa masa a hannu. Ya girgiza ta kusa da kunne, ya ji ƙarar ƙarfen. Ina jira in ji abin da zai ce, don Sumaila bai taɓa karɓar shara bai kushe ba.

"Shekara da shekaru," ya ce, "abin da ka iya ba ni ke nan? Kayana?"

Sai muka zauna a kan dakali, tsofaffi biyu, muna kuka muna dariya, Zali tana leƙe ta bayan ƙyaure tana share ido da bakin zane. Da muka natsu ya gaya mini cewa Gwaggo kafin ta cika ta sa an kira mata Bashiru, ta daɗe tana shafa kansa, sannan ta ce wa Sumaila shara hakki ce, wanda ya bar karɓarta ya yanke zumunci, kada ya same ta a can da wannan. Maganar Ramatu kuwa bai ce ya yafe ba, ban kuma nemi ya ce ba. Ya dai ce Ramatun ce ta cika masa kuɗin mota.

Ranar kasuwa muka je wurin Malam Garba tare. Ya tsufa, sai da ya ɗora gilashi a kan gilashi, ya mayar da gaɓoɓin duka. Sumaila ya miƙa hannu, maɓallin ya rufe ƙas, ya naɗe hannun riga har gwiwa, muka ratsa kasuwa yana gaida mutane da hannu biyu. Bayan nan Allah ya ba mu shekaru masu daɗi, mun aje aiki kusan tare, kuna ganinsa yana zuwa yana cinye mana zabi. Ku manya kun tuna wannan, abin da ba ku sani ba shi ne na gabansa.

A ciwonsa na ƙarshe, wanda ba shi da haɗi da tari, shanyewar jiki ce, na je Damana na zauna wurinsa. Agogon yana hannunsa amma ya tsaya, don hannun ba ya motsi. Ya sa Bashiru ya cire, a gaban Mariyama da Ramatu da limamin unguwarsu, ya ce a ba ni. Na ce ni da na saba da roba me zan yi da shi. Bakinsa ya karkace, sai da na kai kunne.

"Shi motsi yake so, nawa ya ƙare. Kai ka iya sa ido."

To kun ji yadda kujera ta zo, kun ji yadda agogo ya zo. Wanda ya sake tare ku da maganar, ku ce ya je ya tambayi Ramatu, tana nan da ranta, ita ta naɗe shi a ƙyalle ta sa mini a aljihu. Ban taɓa ɗaura shi ba, kuma in na mutu ku kai wa Bashiru, da gaɓoɓinsa cif, kada wanda ya rage ko ɗaya. Kafin nan, Hadiza, kin sha tambayata me nake yi a bakin akwati kowace safiya bayan na dawo masallaci. Girgiza shi nake yi. Tun ranar da aka kai Sumaila makwancinsa ban bar shi ya tsaya ba.